Ƙurajen aski sun hana ni sakat, ina neman shawara

Assalamu alaikum Likita,

Ina gaishe ka tare da duk masu taya ka gabatar da wannan shiri, Allah Ya ƙara basira. Ni magidanci ne, na haura shekara talatin, kuma maganar aski ce ta sa na rubuto. Wani zai ga abin bai kai a kawo shi gidan rediyo ba, amma ni ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sanƙo ya kama ni da wuri. Gashin gaba ya ja baya, tsakiyar kai ta yi fayau, sai gefe da ƙeya suka rage. In na yi saisaye sanƙon ya fi fitowa fili, shi ya sa na koma tal-kwabo, kuma gaskiya hankalina ya fi kwanciya da shi. Ranar aski lafiya lau, kai ya yi sumul. Washegari sai raɗaɗi, bayan kwana biyu ko uku kuma ƙuraje su feso, musamman a ƙeya da bayan kunne. Wasu jajaye ne masu ƙaiƙayi, wasu har da farin ruwa a bakinsu. Wuyan riga na goga su, hula na goga su, da safe in tarar da ɗigon jini a rigar filo. In sun warke sai su bar baƙin tabo, kafin tabon ya dushe lokacin wani askin ya yi.

Idan na haɗa madubi biyu na duba da kyau, a tsakiyar wasu ƙurajen ina hango silin gashi ya lanƙwashe a ƙarƙashin fata, ya yi kamar ƙugiya. Akwai lokacin da maiɗakina ta sa tsinin allura mai tsabta ta ɗago bakin wani, sai ga gashi a nannaɗe, ya fi na kewayensa tsawo nesa ba kusa ba. Abin da na karanta ya dace da wannan. Gashi mai murɗe irin namu, in reza ta yanke shi tana bar masa kaifin baki, sai ya juyo ya soki fata ko ya ci gaba da tsiro a cikinta, jiki kuma ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu, wurin ya kumbura. An ce reza mai baki uku ko biyar ta fi jawo haka, domin bakin farko yana ɗago gashin, na bayansa su yanke shi, ragowar ya koma ƙasa da saman fata. Tunda gashin kai yana ƙaruwa da kusan santimita 1 ne a wata, kwana biyu zuwa uku sun ishi tsinin ya fara neman hanyar fita, kuma daidai lokacin ne nawa suke tasowa.

To a nan ne na tsaya cak, Likita. Duk abin da ke sa kai ya yi santsi, shi ne kuma ke kawo ƙurajen: a ja fata a miƙe ta, a bi da reza ta inda gashi bai kwanta ba, a maimaita wuri ɗaya. Yanzu nakan jiƙa kan da ruwan ɗumi na wasu mintuna, in shafa kumfar aski, in bi kwanciyar gashin, ba na danna rezar, kuma ina canza ta bayan aski biyar zuwa bakwai kamar yadda ake ba da shawara. An samu sauƙi a saman kai, amma ƙeya tana nan yadda take. Gashin wurin ma ba hanya ɗaya ya kwanta ba, ga shi ba na ganin abin da hannuna ke yi. Shin akwai yadda mai irin fatata zai yi tal-kwabo da reza ya zauna lafiya, ko dai in haƙura in koma kilifa wadda za ta bar kamar milimita 1 na gashi? In haka ne mafita zan bi, ko da yake ba shi raina ya fi so ba. Kilifar ma tawa ce ta kaina, na saya tun da na ji cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 ko fiye tana raye a jikin ƙarfen da jini ya taɓa.

Sai maganar abin shafawa, inda kowa da tasa. Mai askina ya dage kan sifirit, ni kuwa ina ganin busar da fatar yake yi, ga zogi. Wani ya ce in koma hoda ko man cire gashi, tunda narkar da gashin suke yi ba sa barin tsini, amma na ga wanda irin wannan hodar ta ƙona wa fata don ta daɗe a kansa. Wasu kuma suna miƙo mini man haɗi marar takarda, wanda nake zargin akwai sitiroyid, wato sinadarin kwantar da kumburi, a ciki, kuma na san daɗewa ana shafa shi yana sa fata ta yi siriri. Na ji ana ambaton benzoyl peroxide da salicylic acid, da hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100 na 'yan kwanaki. Wanne ya dace da fatar kai, kuma ana shafawa ne a ranar askin ko sai fatar ta huta? Ga kuma rana, tunda babu gashin da zai kare kan. Man kariya mai lamba SPF 30 zai hana tabon ƙara duhu, ko zai toshe ƙofofin gashi ya ƙara dagula lamarin?

Babban abin da ke tayar mini da hankali shi ne wasu ƙuraje a can ƙasan ƙeya da suka ƙi tafiya. Sun yi tauri, ba ruwa a cikinsu, in na shafa ina jin su kamar tsakuwa, kuma biyu sun fara haɗewa. Gashi ya daina fitowa a kansu. Na taɓa ganin mutanen da irin wannan ya zame musu tudun tsoka mai sheƙi a bayan wuya, abin da likitoci ke dangantawa da tabon kiloyid, kuma an ce in ya kai nan gashin wurin ba ya dawowa, sai dai allura a cikin tabon ko aikin tiyata. Don Allah ka faɗa mini gaskiya: ko nawa sun kama wannan hanyar? In daina aske wurin gaba ɗaya ne, kuma na tsawon wane lokaci? Sannan wace alama zan gani in san magani a gida ya ƙare, lokacin zuwa wurin likitan fata ya yi?

Ina roƙon a sakaya sunana idan za a karanta wasiƙar. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Naka,
Mai sauraron shirinka