Kalibireta Mai Aiki Da Yawa Ko Mai Aiki Ɗaya: A Duba Kayan Masana'anta Kafin A Zaɓa

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da injiniyoyi da ma'aikatan kula da na'urori, musamman kuma manajojin da ke sa hannu a takardar sayen kaya, game da zaɓen kalibireta, wato na'urar da ake gwada sauran na'urorin awo da ita don a tabbatar gaskiya suke faɗa. Na lura ana yawan yanke wannan shawara daga kallon littafin tallan kamfani, a ƙirga ayyukan da na'ura take iya yi, a ɗauka wadda ta fi yawan maɓallai ita ta fi inganci. Ni a ganina wannan bahagon tunani ne, domin kayan da ke kafe a masana'anta da irin daidaiton da ake bukata daga gare su, su ya kamata su faɗi abin da za a saya.

A matatar mai, ko masana'antar siminti, ko tashar tace ruwa, mafi yawan na'urorin da ke auna matsi da zafi da gudun ruwa suna aika sakamakonsu zuwa ɗakin lura ta hanyar lantarki mai ƙarfin 4 zuwa 20 mA (miliamfiya, ma'aunin lantarkin da ke gudana a waya). Idan tiransimita, wato na'urar da ke yin awon tana aika sakamakon, tana auna matsi daga 0 zuwa 10 bar (ma'aunin matsi), to 4 mA na nufin babu matsi, 12 mA na nufin rabi, 20 mA kuma ƙarshen awo. An fara daga 4 ne maimakon sifili domin idan waya ta tsinke a gane nan take, kuma wata ƙa'idar masana'antu mai suna NAMUR NE 43 ta ware abin da ya kai 3.6 mA zuwa ƙasa, ko 21 mA zuwa sama, a matsayin alamar lalacewa. Kalibireta mai aiki ɗaya, irin Fluke 707, wannan zagayen lantarki kaɗai ta sani: tana auna shi, tana samar da shi, tana kuma ba tiransimita wutar 24V idan an cire ta daga layi. Akwai kuma waɗanda zafi kaɗai suka sani, wasu matsi kaɗai. Mai aiki da yawa kuwa, irin Fluke 754 ko Beamex MC6, ta tattara waɗannan duka a jiki ɗaya, har da iya magana da tiransimita ta tsarin HART, wato hanyar musayar bayanai na dijital a kan wayar mA ɗin.

Amfanin mai aiki da yawa na gaskiya, wanda ba zan musa ba, shi ne tana iya bayarwa da karantawa a lokaci guda. Wanda zai gwada tiransimitar zafi dole ne ya kwaikwayi na'urar jin zafin a gefen shiga, sannan ya karanta mA a gefen fita. Idan na'urar jin zafin Pt100 ce, wadda turjiyarta ga lantarki ke ƙaruwa da zafi, zai ba tiransimitar om 100 (ma'aunin turjiya) a matsayin digiri 0 na Celsius, da kimanin om 138.5 a matsayin digiri 100, ya ga ko abin da ya fito ya dace. Da na'urori masu aiki ɗaya sai ya ɗauki biyu, ya riƙe wannan ya leƙa waccan, yana rubutu a takarda, wataƙila kuma yana tsaye a kan tsani. Mai aiki da yawa tana bin matakai biyar da aka saba da su, wato 4 da 8 da 12 da 16 da 20 mA, ta lissafa kuskuren kowane mataki, ta adana yadda aka sami na'urar da yadda aka bar ta bayan gyara, sannan a zuba sakamakon a kwamfuta. A masana'antar haɗa magunguna, ko duk inda masu binciken ƙa'idar kula da inganci ta ISO 9001 ke zuwa neman takardu, wannan adanawa kaɗai ta isa hujjar saye, domin kuskuren kwafe lambobi da hannu yana ɓata rahoto kamar yadda kuskuren awo yake ɓata shi.

Sai dai mafi yawan aikin ma'aikaci a rana ba irin wannan ba ne. Kira ne daga ɗakin lura cewa bawul ya ƙi buɗewa, ko allon yana nuna tanki ya cika alhali bai cika ba, kuma abin da ake so a sani shi ne nawa mA ke tafiya a wayar, da kuma ko bawul ɗin zai motsa idan aka tura masa 12 mA. Wannan aikin ƙaramar na'ura ce da ke shiga aljihu, wadda sabon ma'aikaci zai iya koyo a yini ɗaya. Ɗaukar babbar na'ura mai tsada zuwa irin wannan kira tamkar fito da babbar mota ne don ɗauko buhu guda. Kuma idan sashe mai ma'aikata da dama yana da na'ura ɗaya tal, komai iyawarta, mutum ɗaya ne zai yi aiki da ita, sauran su zauna jira.

Akwai wani abu da masu saye ke mantawa. Ita kanta kalibireta ana gwada ta, galibi sau ɗaya a shekara, a ɗakin gwaji mai shaidar ƙwarewa ta ISO/IEC 17025, domin a iya bin sawun awonta har zuwa ma'aunin ƙasa da ƙasa. Ranar da mai aiki da yawa ta tafi gwaji, ko ta faɗo daga sama ta fashe, to awon matsi da na zafi da na lantarki duk sun tafi tare, kuma kuɗin gwajin nata ya fi yawa saboda kowane fanni sai an bi shi daban. Wanda ke da ƙananan na'urori zai iya tura su ɗaya bayan ɗaya, aiki bai tsaya ba.

Batun da ya fi damuna shi ne na daidaito, domin a nan ne ake yin asarar da ba a gani. Al'adar da aka daɗe ana bi ita ce na'urar gwaji ta fi wadda ake gwadawa daidaito aƙalla sau huɗu. Mu ɗauki tiransimitar da aka yarda ta yi kuskuren kashi 0.5 cikin ɗari na faɗin awonta. Faɗin nan 16 mA ne, wato daga 4 zuwa 20, don haka kuskuren da aka yarda da shi 0.08 mA ne, kuma kalibiretar da kuskurenta bai wuce 0.02 mA ba ta wadatar. Amma idan tiransimitar ta kashi 0.1 ce, iyakarta 0.016 mA, sai an nemo na'urar da kuskurenta bai wuce 0.004 mA ba. Wannan lissafi bai san yawan maɓallai ba. Dole a buɗe takardar bayanin na'ura a duba fannin da ake bukata shi kaɗai, a duba ko adadin kuskuren da aka rubuta na shekara ɗaya ne ko na ɗan gajeren lokaci, a kuma duba yanayin zafin da aka yi alkawarin a cikinsa, domin wurin aiki ba ɗakin gwaji mai sanyaya iska ba ne.

A fannin matsi abin ya fi tsanani. Mai aiki da yawa tana auna matsi ne ta wasu ƙananan kawuna da ake saya, kowanne da iyakarsa. Idan kan da aka saya na 100 bar ne, kuma kuskurensa kashi 0.05 cikin ɗari na cikakken awonsa, to 0.05 bar ke nan, wanda a wajen tiransimitar da ke auna 0 zuwa 1 bar ya zama kashi 5 cikin ɗari. Mutum zai yi gwaji, ya sa hannu, ya manna takardar shaida, alhali bai gwada komai ba. Saboda haka farashin da aka gani a talla ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba, sai an haɗa da kawunan matsi, da famfon hannu, da bututai, da manhajar adana sakamako.

Haka nan kwaikwayon Pt100 ko tamokopul (wata na'urar jin zafin) da lantarki yana gwada tiransimita ne kawai, bai taɓa sandar da ke cikin bututu tana jin zafin ba. Tamokopul samfurin K tana ba da kimanin maikrovolt 41 ne a kowane digiri, kuma tana kauce wa daidai idan ta daɗe cikin zafi mai tsanani. Wanda yake so ya san halinta sai ya zare ta ya sa a murhun gwaji mai busasshen ƙarfe ko a kwamin ruwan gwaji, kuma babu kalibiretar hannu, mai aiki ɗaya ko mai goma, da za ta ɗauke masa wannan. Inda kuma akwai iskar gas ko tururin mai, tambayar farko ita ce ko na'urar tana da shaidar ATEX ko IECEx, wato shaidar cewa ba za ta tada gobara ko fashewa a irin wannan wuri ba, domin wadda ba ta da ita ba a shiga da ita sai da izini na musamman da gwajin iska.

Shawarata ga masu yanke hukunci ita ce su sa a rubuta duk na'urorin da ke masana'antar, da faɗin awon kowacce, da kuskuren da aka yarda mata, da yawan waɗanda ke amfani da HART, sannan su zauna da ma'aikatan da za su riƙe kayan. Inda na'urorin iri-iri ne kuma ana bukatar rahoto, a sayi mai aiki da yawa guda ɗaya ko biyu don gwajin da aka tsara, a horar da masu amfani da ita sosai, a kuma ba kowane ma'aikaci ƙaramar na'urar mA ta neman matsala. Inda kuwa kusan duk aikin matsi ne ko zafi, kamar ƙaramin ɗakin tukunyar tururi, na'urori biyu masu aiki ɗaya da suka cika lissafin sau huɗu sun wadatar, ragowar kuɗin kuma a ajiye shi don gwajinsu na shekara.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Daga wani ma'aikacin kula da na'urorin awo.