Wasiƙa daga Kalgoorlie

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya hunturu? Mu nan Disamba tsakiyar zafi ce.

Ka sha yi mini ƙorafin tunda na zo Ostareliya ban leƙa ko'ina ba sai Perth. To, a hutun nan mun kama hanyar gabas zuwa Kalgoorlie, ƙasar zinare, tafiyar kusan kilomita 600. Muna wuce Southern Cross gonakin alkama suka ƙare, sai jar ƙasa da daji, da manyan motoci masu jan tirela uku a jere.

Duk tsawon hanyar akwai wani bututun ruwa da ke bin gefen titi. An samu zinare a Coolgardie a 1892, a Kalgoorlie kuma a 1893, jama'a suka yi tururuwa zuwa wurin da babu kogi. Ruwa sai an saya da galan, zazzaɓin taifot ya yi ta ɗibar mutane. Shi ya sa aka janyo ruwa tun daga madatsar Mundaring kusa da Perth, ya iso a 1903. Injiniyan aikin, C. Y. O'Connor, ya mutu a 1902, bai ga isowarsa ba.

Na ga ramin haƙar zinaren da suke kira Super Pit, zurfinsa ya haura mita 600, motocin da ke ƙasa kamar tururuwa. Amma wallahi ba shi ne ya tsaya mini a rai ba.

Maƙabartar Coolgardie ce. Kafin jirgin ƙasa da bututu su iso, raƙuma ne ke kai wa mahaƙa ruwa da abinci, masu raƙuman kuwa Musulmi ne daga Afganistan da yankin da ya zama Pakistan a yau. Kaburburansu na can gefe guda. Na tsaya na yi musu addu'a, sai na tuna ayarin gishirin Bilma da kakanka ke ba mu labari muna yara. Mutanen nan sun yi sallah a wannan jejin, nesa da danginsu, a nan kuma ƙasa ta rufe su. Na daɗe a tsaye kafin na iya komawa mota.

Gobe in Allah ya kai mu za mu nufi Leonora. Ka gaida mini Hajiya, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka har kullum.