Zuwa ga ɗana, kan lissafin da ya ƙi zuwa daidai

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya sanyin can? Mu nan lafiya lau, mahaifiyarka tana gaishe ka.

Tun daren da muka yi waya maganarka take ci mini rai. Ka ce wata bakwai kana fama, abin da kwamfuta take ba ka kan lissafin gudun ruwa ya ƙi dacewa da abin da aka auna a ɗakin gwaji, har wani abokin karatunka ya ce ka ɗan taɓa lambobin, ba mai ganewa. Cikin raha ka faɗa, amma ni ban yi barcin kirki ba.

Hanyar da kake aiki da ita daga hannun Brian Spalding ta fito, kuma ina so ka dubi yadda mutumin ya yi rayuwarsa. An haife shi a Ingila a 1923, ya yi digirin digirgir a Cambridge kan yadda mai yake cin wuta, ya zama farfesa a Kwalejin Imperial ta Landan a 1958. A 1972 shi da ɗalibinsa Suhas Patankar, ɗan Indiya, suka fitar da dabarar SIMPLE ta lissafin gudun ruwa da iska a kwamfuta. Ka fi ni saninta: a kintaci matsin ruwan, a lissafa gudunsa, a duba ko abin da ya shiga kowane ɗan gida, cikin ƙananan gidajen da aka rarraba wurin lissafin, shi ne ya fita, a gyara, a sake, har lissafi ya kwanta. Dabarar gaba ɗayanta a kan yarda da kuskure aka gina ta. Kuma sunan ɗalibin ne a gaba a takardar da suka wallafa dabarar, na malamin a baya. Patankar ya tafi Jami'ar Minnesota a Amurka ya raini nasa ɗaliban, su ma suka raini wasu. Ta haka ilimin ya iso teburinka.

Sai a 1974 Spalding da Brian Launder suka daidaita tsarin k-epsilon na lissafin hargitsin ruwa da iska. Lambobin da ke ciki, irin 0.09 ɗin nan da kake rubutawa kullum, ba daga sama suka faɗo ba, daga awon gwaji aka tsamo su. Masu sana'ar ba su ɓoye cewa tsarin yana da inda yake tuntuɓe ba: ruwan da ke feshi daga zagayayyen baki, tsarin yakan nuna ya fi bazuwa fiye da yadda yake a zahiri, haka kuma yana wahala inda ruwa ke juyawa kamar guguwa. Don an faɗi wannan a fili ne na baya suka san inda za su sa hannu. Wa ya sani, ko giɓin da kake son rufewa shi ne ainihin abin da za ka gano?

Ni ma na ga irin wannan da idona. Shekarun da nake aikin ruwa, wani babba a ofishinmu ya rage adadin gogayyar ruwa da cikin bututu a takarda, don kuɗin aikin ya sauko. Na gani, na yi shiru saboda ina ƙarami. Aka binne bututun, aka buɗe, ruwa bai taɓa hawa unguwannin tudu ba. Mata da yara suka ci gaba da bin 'yan garuwa. Har yau in na bi ta wurin sai na sunkuyar da kai. Ruwa bai san abin da muka rubuta ba, ɗana.

Spalding ya fitar da manhajar PHOENICS ta irin wannan lissafin a 1981, kuma bai ajiye aiki ba har ya rasu a 2016 yana da shekara 93. Wata bakwai ba komai ba ne.

Ka kai wa malaminka sakamakon yadda ya fito, tare da awon gwajin, gefe da gefe. Kafin nan ka ƙara yawan gidajen lissafin kusa da bangon da ruwan ke gogawa ka ga ko amsar za ta motsa. In karatun zai ƙara wata shida, kuɗin haya ni zan ji da shi, kada ka sa wannan a ranka. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka gaya mini abin da ya ce.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka