A Kula Da Rayukan Matasanmu Masu Kamun Kifi A Teku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku mai albarka domin in ja hankalin iyaye a unguwannin Nima da Sabon Zongo na birnin Accra kan samarinmu da ke bin kwale-kwalen masunta daga unguwannin bakin teku na Jamestown da Chorkor, alhali da yawansu ba su iya iyo ba. Teku ba rafi ba ne, kuma daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan ke yin sanyi kifi ya yawaita, igiyar ruwa kan yi ƙarfi a bakin gaɓa, inda kwale-kwale ya fi kifewa yayin fita ko dawowa.

Abin takaici, wasu na ganin sanya rigar kariya daga nutsewa ragwanta ce. Wajibi ne mai jirgi ya tanadar wa kowa tasa, ya duba injinsa, ya ɗauki filafili, ruwan sha da rarar mai, sannan ya saurari hasashen hukumar kula da yanayi ta Ghana kafin ya tashi. A sanar da na gida lokacin dawowa, a kuma ƙunshe waya cikin leda. Ranar Talata, da masuntan ƙabilar Ga ba sa fita, ta dace a koya wa sababbin shiga iyo.

Wassalam,
Mai karatunku daga Sabon Zongo, Accra