Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

Ayyukan da aka saba sun gudana lafiya: shan ruwa na haɗin gwiwa a watan azumi, zaman Sallah ƙarama da babba, da darasin Hausa na yara ranar Lahadi. Ma'aji zai raba bayanin kuɗi a takarda daban. Abin da kwamiti ya ga ya fi buƙatar bayani shi ne ziyarar garin Beaune da ke ƙasar Faransa, domin membobi da dama sun nemi a maimaita ta, kuma akwai kurakuran da bai kamata a sake ba.

Beaune, wanda ake furtawa "Bon", yana yankin Bourgogne, kimanin kilomita 40 kudu da Dijon. Daga tashar Gare de Lyon a Paris jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum Dijon cikin awa ɗaya da rabi da ɗoriya, sai a canza zuwa ƙaramin jirgi, tafiyar da ba ta wuce minti 30 ba. Kuskurenmu na farko a nan ne: mun bar ɗan gajeren lokaci tsakanin jiragen biyu, alhali muna tare da tsofaffi da kekunan jarirai. Rabin ayari ya shiga, rabi ya tsaya jiran na gaba. Nan gaba a bar aƙalla minti 30. Daga tashar Beaune zuwa tsakiyar gari kuwa tafiyar ƙafa ce ta kusan minti 15, kuma wasu titunan tsohon gari shimfiɗar duwatsu ce. Masu takalmi mai tsini sun ji jiki.

An tambaye mu me zai kai Musulmi garin da sunansa ya fito da giyar inabi. Asibiti ne ya kai mu. Nicolas Rolin, babban wazirin sarkin Bourgogne, da matarsa Guigone de Salins suka kafa asibitin, mai suna Hôtel-Dieu, a 1443 domin marasa lafiya talakawa, a lokacin da yaƙi da yunwa suka galabaita jama'a. An karɓi majinyaci na farko a 1452, kuma sai a 1971 aka mayar da yawancin jinya sabon gini, tsohon ya zama gidan tarihi. Daga titi ginin ba ya ɗaukar ido. Sai an shiga tsakar gida ake ganin rufin nan mai ƙyalli, ja da rawaya da kore da baƙi, an jera shi kamar zanen tabarma. Babban ɗakin jinya tsawonsa ya kai mita 50, gadaje na jere a gefe biyu da jajayen labule, silinsa na katako kamar an kife jirgin ruwa. Rafin Bouzaise yana bi ta ƙarƙashin ginin, da shi ake kwashe ƙazanta a da. Akwai ɗakin haɗa magunguna da tulunansa, da madafa, da babban zanen addinin Kirista na mai zane Rogier van der Weyden a ɗaki mai duhu. Masu son kauce wa hotunan addini su sani tun kafin su kai ƙofar.

Tsarin kuɗin asibitin ya ja hankalin dattawa, don ya yi kama da waƙafi: mutane suna barin gonaki sadaka, amfanin gonar ya riƙe jinya. Gonakin inabi ne, kusan hekta 60 a yau, kuma ana gwanjon giyarsu duk Lahadi ta uku a Nuwamba. Kada a sa tafiya a wannan makon, gari yana cika, masauki ba ya samuwa. A nemi tikitin ƙungiya na shiga asibitin tun da wuri, a ware awa ɗaya da rabi don zagaya shi.

Abinci shi ne inda aka fi samun matsala. Boeuf bourguignon, coq au vin da oeufs en meurette duk da giya ake dafa su. Jambon persillé alade ne. Crème de cassis kuma ba lemo ba ce, barasa ce, ko da launinta kamar zoɓo. Hatta mutad (moutarde, abin shafa wa abinci mai ɗan yaji), a duba jikin kwalba: wadda aka rubuta "vin blanc" a kanta akwai farar giya a ciki. Gidajen abinci da yawa suna rufe madafa wajen ƙarfe 2 na rana, mu kuwa mun fito daga asibitin bayan haka. Da mun fara da kasuwar Asabar, da ta cece mu; tana daura da asibitin, akwai burodi, cuku, zuma da 'ya'yan itace, sai dai da azahar ake tashi. Saboda haka a fara da kasuwa, a yi guzuri, sannan a shiga asibitin. Kowa ya riƙe ƙaramar darduma da gorar ruwan alwala. Mun haɗa Azahar da La'asar a matsayin matafiya.

Kwamiti yana ba da shawarar a koma a watan Mayu ko Yuni, ranar Asabar, da jirgin farko na safe. Satumba lokacin girbin inabi ne, ƙauyukan kewaye suna cikin hidima. Masu sha'awa su rubuta suna wurin sakatare a taro mai zuwa, tare da adadin yara da na masu buƙatar keken guragu.

Kwamitin Gudanarwa