Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kimiyya da Fasaha: a kafa ɗakin binciken haske a Zariya

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a kan wani fannin bincike da muke cin moriyarsa kullum, amma hannunmu bai kai gare shi ba: yadda haske ke hulɗa da abubuwa 'yan mitsi-mitsi da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita.

Ranka ya daɗe, jan layin nan da ke fitowa a ɗan abin gwajin zazzaɓin cizon sauro, a yawancinsu ba rini ba ne. Zinari ne, ƙwayoyi masu faɗin nanomita 40 ko kusa da haka. Idan zinari ya ƙanƙance haka, haske na taɓa shi sai ƙwayoyin lantarkin jikinsa su kaɗa tare, su shanye koren haske, ido ya ga ja. Tun 1857 masanin kimiyya Michael Faraday ya yi bayanin wannan jan ruwan zinari a Landan. Yau ga shi a kowane kemis na Sabon Gari, mu kuwa namu saye ne kawai.

Haka farantin sola. Silikon, wato sinadarin da ake yin farantin da shi, idan ba a shafa masa komai ba yana mayar da fiye da kashi 30 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, asara ke nan. Wani shafe ne siriri, wanda kaurinsa bai kai nanomita 100 ba, ke tsare hasken a ciki, shi ne kuma ke ba farantin launin shuɗi. To amma waɗanda suka tsara shi ba su zauna da hunturunmu ba. Ƙura ta lulluɓe faranti, zafin Maris da Afrilu ya rage masa ƙarfi, ya kuma lalata kayan gwajin da aka ajiye a shagon da ba fanka. Wa zai zauna ya nemo mana shafen da ƙura ba ta kamawa, in ba 'ya'yanmu ba?

Zariya za ta iya riƙe wannan amana. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana kula da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, kuma a 2018 aka sauya wa tukunyar makamashi lafiya lau. Ɗalibai masu basira ma muna da su. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga ɗalibi ya haɗa irin waɗannan ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da hannunsa, sannan ya sayar da wayarsa don ya aika samfurin wata ƙasa a duba masa.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta kafa ɗakin bincike guda, na tarayya, wanda jami'o'in Arewa duka za su riƙa amfani da shi. A sa madubin lantarki mai ganin nanomita, da na'urorin auna haske, da ɗakin da ƙura ba ta shiga. Amma don Allah kada a tsaya a sayen kaya. A ware kuɗin gyara na kowace shekara, a ba shi wutar da ba ta ɗaukewa, a kuma horar da ma'aikatan da za su riƙe injinan, a biya su albashin da zai zaunar da su.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani malamin fiziks, Samaru, Zariya