Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Jini, Furotin da Ɗakunan Gwajinmu na Kaduna

Assalamu alaikum. Malamanmu farfesoshi, likitoci, ma'aikatan ɗakin gwaji da ƙannenmu ɗalibai, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da abin da aka yi bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi a babban taro.

Tun farkon shekara muka yanke shawarar rage tarukan lacca, mu koma kan teburin aiki. Mun lura cewa yawancin sakamakon da ke ɓaci a ɗakunan gwajinmu ba na'ura ce ke ɓata shi ba. Tun kafin jini ya isa na'ura, zafi ko ƙura ko ɗaukewar wuta ko tsohon sinadari ya riga ya gama da shi. Furotin da DNA abubuwa ne masu laulayi, kuma Kaduna ba ta ɗaga musu ƙafa, musamman daga Maris zuwa Afrilu. Kusan duk ayyukanmu na bana kan wannan suka tsaya.

Gwajin jinotayif

Nan muka fi ɓata lokaci, kuma ya cancanta. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, wato nau'in himogulobin (furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini) mai haddasa sikila, ana kuma ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar nan duk shekara. Membobinmu da ke asibiti sun sha ganin ma'auratan da suka zo da takardar AA da AS a hannu, ga kuma ɗansu SS. Irin wannan takarda ɗaya tana iya rusa gida, har ta jawo wa uwa zargin da ba ta ji ba ta gani ba.

Mun yi horo na aikin hannu kan gwajin da ake yi da takardar selulos asitet, inda wutar lantarki ke rarraba nau'o'in himogulobin layi-layi, domin shi ne a yawancin ɗakunanmu. Mun fara da tushe, saboda wanda ya san dalili ba ya mantuwa da mataki. A shekarar 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin mai sikila yana tafiya daban da na mai lafiya idan an sa masa wutar lantarki. Vernon Ingram ya gano musabbabin a 1956 da 1957: a matsayi na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, tubalin furotin mai suna falin ya maye gurbin wani mai suna gulutamik asid. Caji ɗaya na nagatif ya tafi ke nan a kowace sarƙar beta. A himogulobin C kuwa laisin ne ya shiga wurin, bambancin cajin ya zama biyu. Shi ya sa a ruwan bafa, wato ruwan sinadarin da ake jiƙa takardar da shi, mai pH 8.4 zuwa 8.6, A ke kan gaba zuwa gefen fozitif, F na jarirai na biye da shi, sai S, C na can baya.

Ga inda aiki ke ɓaci. Da yawa suna ɗiga jini kai tsaye ba tare da wanke jajayen ƙwayoyi ba. Ƙa'ida ita ce a wanke su sau uku da ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari, sannan a fasa su. In ba a wanke ba, furotin ɗin ruwan jini yana dama layukan. Takardar kuma a hankali ake saka ta cikin bafa, daga gefe guda, don kada iska ta maƙale ta bar fararen tabo, a bar ta ta jiƙa aƙalla minti 5, a tsane ta da takardar tacewa. Tsanewa kawai, kada ta bushe. Jini in ya yi kauri, layin A yana kumbura ya haɗiye na kusa da shi. Idan aka yi ta amfani da bafa ɗaya kwana da kwanaki, ruwan yana ƙafewa da zafi, gishirinsa ya ƙaru, pH ya kauce, sai S ya matso kusa da A har ido ya ɗauka layi ɗaya ne. Wasu AS da ake rubuta wa AA daga nan suke fitowa. Wutar janareto mai hawa da sauka ita ma tana karkata layuka, don haka muka nemi kowa ya sa sitabilaiza a gaban tankin.

Abin da muka fi nanatawa shi ne samfurin tabbatarwa. Kowace takarda, ba kowace rana ba, dole ta ɗauki jinin da aka san yana da A, F, S da C. Takardar da ba ta da shi, kintace ce. Mun san ana barinsa ne don a samu gurbin ƙarin mutum ɗaya, amma ribar gurbi ɗaya ba ta kai darajar auren mutane ba.

Akwai kurakurai uku da ko bafa sabo ba ya maganinsu. Mai SS da aka yi wa ƙarin jini zai fito kamar AS, domin jajayen ƙwayoyin da aka ƙara masa na iya kai kwana 120 a jiki. Tambaya ɗaya ce maganin wannan: an ƙara maka jini cikin wata ukun nan? Mun sa a buga ta a fom. Na biyu, himogulobin D da G suna tsayawa daidai wurin S, E da A2 kuma wurin C, saboda haka duk layin S yana buƙatar gwaji na biyu. Gwajin lanƙwashewa da sodiyam metabaisalfait mai kashi 2 cikin ɗari ya wadatar, amma a haɗa shi sabo a ranar, a toshe gefen gilashi da basilin don iska kada ta shiga. A tuna kuma wannan gwaji bai san bambancin AS da SS ba, cewa kawai yake akwai S. Na uku jarirai ne. Ƙasa da wata 6 himogulobin F yana da yawa, yana ɓoye S. Su a tura su inda ake da HPLC, na'urar da ke auna yawan kowane nau'in himogulobin, ko a yi amfani da tsinken gwaji irin HemoTypeSC ko Sickle SCAN. A mai AS na gaskiya layin A ya fi na S kauri, domin S bai cika wuce kashi 35 zuwa 40 ba. In aka ga S ya rinjayi A, a dakata da sa hannu, a nemi ƙarin bincike.

Bayan horon muka fara musayar samfuri a rufe: a raba jini ɗaya ga ɗakunan membobi ba suna, kowa ya dawo da amsarsa. Amsoshin ba su zo ɗaya ba a zagayen farko. Ba mu bayyana sunan kowa ba, kuma ba za mu bayyana ba. An bi kowane ɗaki a asirce, aka duba bafa da wuta da yadda ake ɗiga jini. Muna roƙon waɗanda ba su shiga ba su shigo.

A wayar da kai kuma mun zauna da wasu limamai da fastoci masu ɗaura aure. Abu ɗaya muka gyara musu wanda ya yaɗu: idan AS ya auri AS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai yi sikila ba. Kowane ciki da rabonsa, ɗaya bisa huɗu, ana iya jera uku duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Iyaye sun yi ta tambayarmu labarin maganin Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Mun faɗa musu gaskiya: yana aiki ne ta hanyar rage ƙarfin BCL11A, ƙwayar halittar da ke dakatar da yin F bayan haihuwa, don jiki ya koma yin himogulobin F, amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Ƙwayar maganin haidiroksiyuriya ma F ɗin take ƙarawa, tana samuwa a nan, sai dai ba a shan ta sai da likita da awon jini akai-akai.

Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka

Tsinken gwajin maleriya da ya fi yawa a kemis-kemis furotin HRP2 na ƙwayar cutar yake nema. Mun zagaya da bayani ga masu shagunan magani kan abu uku. Kwalin da aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano da bazara ya wuce zafin da aka rubuta a jikinsa, kuma sinadarin da ke kama furotin yana mutuwa ba tare da alama ba. Jini maikurolita 5 ne a yawancinsu, in ya yi yawa sai tagar ta yi ja ta rufe layi. A karanta a lokacin da kamfani ya rubuta, galibi minti 15 zuwa 20, abin da ya fito bayan awa ɗaya ba sakamako ba ne. HRP2 yana daɗewa a jini makonni bayan an warke, don haka layi biyu bayan an gama magani ba hujja ba ce ta sake ɗura wani. A ɗaya gefen, akwai ƙwayar maleriya da ta rasa wannan furotin gaba ɗaya. An fara ba da rahotonta a Peru a 2010, ta kuma sa Eritriya ta sauya tsinken da take amfani da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sauya idan kuskuren cewa babu cuta saboda rashin furotin ɗin ya kai kashi 5 cikin ɗari. Mun roƙi membobi su ajiye ɗigon jini a takarda duk lokacin da madubin ƙara girma ya ga ƙwaya amma tsinke ya ce babu.

A na'urar GeneXpert ta gwajin tarin fuka, matsalar ɗaki ce. Ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, katirij kuma tsakanin 2 da 28 ake ajiye shi. Ƙurar hunturu na toshe matatar fanka, sai na'ura ta yi zafi ta yanke aiki. Sinadari kashi biyu, majina kashi ɗaya, a girgiza, a jira minti 15 cif, a zuba mililita 2. Mai gaggawa yakan zuba majina da sauran kaurinta, ya yi asarar katirij.

Ajiyar DNA da ɗalibai

Ɗalibanmu na digiri na biyu daga Zariya da nan cikin gari sun yi bitar haƙo DNA daga jini. Kuskuren farko tun daga kwalba yake: mai murfi kore tana da hefarin, shi kuma yana hana PCR, wato gwajin ninka DNA, tashi. Mai murfi shunayya ta EDTA ake so. Awon tsabtar DNA da haske, wato 260 bisa 280, ya tsaya kusa da 1.8, in ya faɗi ƙasa sosai akwai ragowar furotin ko finol. Firizar da ke narkewa duk dare ta sake daskarewa da safe ta fi rashin firiza illa ga inzayim, saboda haka a rarraba sinadari ƙananan kwalabe, a cika sauran wurin da robobin ƙanƙara, a daina buɗe ta barkatai. Ga wanda zai ɗauko jini daga ƙauye, takardar tacewa ta fi kula: a ɗiga, a shanya a kwance cikin inuwa aƙalla awa 3 zuwa 4, a sa a leda mai zif da ƙullin silika. Da damina, takardar da ba ta bushe ba fumfuna take yi.

Sammore

Mun yi zama ɗaya kan sammore, ganin hedikwatar cibiyar binciken cutar ta ƙasa a nan Kaduna take. An yi bayanin rigar furotin da ƙwayar ke sauyawa don ta zille wa garkuwar jiki, abin da ya sa har yau babu rigakafi. An kuma tuna aikin marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello kan inzayim ɗin sayalides, mai kankare sayalik asid daga jajayen ƙwayoyin jini har saniya ta rame jininta ya ƙare. Aikin ya ba shi kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. Likitocin dabbobi cikinmu sun koka da yadda ake tsinka maganin diminazin da ruwa fiye da kima don ya ishi garke. Miligiram 3.5 ne a kowane kilo, ƙasa da haka horar da ƙwayar ake ta jure magani.

Kayan masarufi daga fata da rogo

Wannan reshe sabo ne, tafiyarsa a hankali. Ana gwada fitar da jelatin daga guntayen fatar shanu, domin kwanson kafsol da jelatin ake yi, kuma kaso mai yawa na jelatin ɗin duniya daga fatar alade yake. Bayan jiƙo a ruwan farar ƙasa da wankewa sosai, ana fara tatsa a digiri 50 zuwa 60. Wanda ya tafasa tun farko ya tsittsinka sarƙar kolajin, abin da zai samu ruwa ne da ba ya daskarewa. Guntayen fatar da aka jeme da kurom haramun ne a wannan aiki. Muna neman hanyar haɗa kai da cibiyar fasahar fata da ke Samaru don auna ƙarfin daskarewar.

Ledar sitacin rogo kuwa: giram 5 a ruwa mililita 100, gilisarin kimanin giram 1.5, a dama a digiri 70 zuwa 80 har ya yi garau, a zuba a faranti. Da hunturu tsagewa take, da damina ta sha danshi ta yi yauƙi. Ba mu kai ga cewa za ta maye ledar kasuwa ba, kuma muna roƙon ɗalibai su daina rubuta haka a kundinsu kafin su auna.

Abin da bai yiwu ba, da na baɗi

Firizar sola ta haɗin gwiwa da muka yi alkawari ba ta samu ba, kuɗin da aka tara bai kai na batir da inbata ba. Littafin kalmomin wannan fanni da Hausa yana nan rabi, muna neman masu hannu a harshe su shigo. Baɗi za a maimaita musayar samfuri sau biyu, ɗaya da bazara ɗaya da damina, don a ga abin da yanayi ke yi wa sakamako, kuma za a faɗaɗa ta zuwa Kafanchan da Saminaka. Duk ɗakin da zai shiga ya tanadi littafin rubuta ranar haɗa bafa da zafin firji safe da yamma, ya miƙa suna ga sakatare kafin babban taro. Masu bashin kuɗin shekara su ga ma'aji.

Kwamitin Gudanarwa
Kaduna